Neman Idi Bahago a Riyad

Tun da na dawo ban huta ba. A masallaci tambaya, a majalisa tambaya, har mai shayin bakin tasha sai da ya riƙe mini kofi ya ce ba zai sake ba sai na gaya masa abin da ya kai ni Riyad. Kowa ya je Umara, daga Makka sai Madina sai gida, ni kuwa na ɓalle na yi gabas har kwana tara. Wasu sun ce aiki na je nema bayan ritaya, wasu sun ce mata. To ga shi na rubuta sau ɗaya. Wanda ya sake tambayata takarda zan miƙa masa, dama aikin da na yi shekara talatin ke nan a makarantar firamare.

Kakana na wajen uwa, Idi, wanzami ne a Kazaure, kuma bahago. Da hagu yake aski, da hagu yake ƙaho, har aka daina ce masa Idi Wanzam aka koma Idi Bahago. Ya tafi Makka a ƙasa, ta Sudan, lokacin mahaifiyata Inna Talatu ba ta fi shekara shida ba, bai sake dawowa ba. Wasiƙa ɗaya tak ta taɓa zuwa, da ajami, a hannun wani alhaji. A ciki ya ce yana lafiya, yana Riyal. Kun san yadda muke da wannan harafin na Larabci da ya mai da Ramadan Ramalan. Malamin da ya karanta bai yi kuskure ba, masu sauraro ne suka ji nasu. Gari ya ɗauka Idi ya faɗa cikin riyal ya manta da gida. Sai da na shiga sakandare na kalli taswira sannan na gane sunan gari ne.

Inna ce 'yar farinsa, kuma ita kaɗai ya bari. Kunyar ɗan fari ta mutanen da ba wasa ba ce. Bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Ita "ke" ce, ko "yarinyar nan". Ta ce ranar da zai tafi ya rataya zabirarsa, ya shafa kan yaran maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kanta sai ya kau da kai ya wuce. Kusan shekara saba'in tana ɗauke da wannan kau da kan. Ni ma ɗan farinta ne, don haka na ci nawa gadon. Sunana Nuhu, amma ban taɓa jin sa a bakinta ba. Ina yaro "kai" ne, da na girma na zama "Malam".

Da na je yi mata sallama ta ce, "Malam, tun da ka ce wannan bizar ana yawo da ita ko'ina, ka je garin nan. Ka nemo kabarinsa ka yi masa addu'a. In kuma ka sami wanda ya san shi, ka tambayo mini abu ɗaya. Ko ya taɓa ambatona."

Na ce to. Ta ƙara da cewa, "Kada ka yi mini ƙarya don ka faranta mini. Na san fuskarka in kana ƙarya."

Matata ce ta haɗa mini kaya, kuma rabin akwatin ba nawa ba ne. Ƙaninta Sabi'u direba ne a Riyad, saboda haka aka cusa masa kuka, da kuɓewa busasshiya, da daddawa da aka naɗe cikin leda huɗu. Ledar ba ta hana komai ba. Har na gama Umara duk rigar da na sa sai wanda ke kusa da ni a sahu ya ɗan waiwayo.

A Jidda na fara jin kunya. Na ɗora yatsu a kan na'urar shige da fice ta ƙi karantawa. Jami'in ya ce in goge, na goge. Ya ce in danna, na danna har tebur ya motsa. Ya kama hannuna ya duba, ya tambaye ni aikina. Na ce malamin makaranta, na kwatanta masa rubutu a allo. Ashe alli ne ya cinye mini zanen yatsu. Ya yi dariya ya ɗebo wani mai a aljihun tebur ya shafa mini, a karo na shida na'ura ta yarda ni ne.

Umara dai kun san ta, Allah ya karɓa. Daga Madina na hau motar safa zuwa Riyad da safe. Na yi shirin zafi, sai sanyin mota ya kusa kashe ni. Direba ya ƙure na'urar sanyi, fasinjojin da suka san hanya kowa ya zaro bargo, ni kuwa na lulluɓa da haramina. Wani Bapakistane da ke gefena ya ji tausayina ya ba ni safa da shayi mai madara. Ba ya jin Hausa, ba na jin nasu, amma kafin la'asar na san 'ya'yansa biyar ne, shi ma ya san ina da ciwon gwiwa. Hanya kuwa babu abin gani sai yashi da raƙuma, kuma babu rami ko ɗaya, har na rasa abin da zan yi mita a kai.

Sabi'u ya tarye ni a tasha. Shekara takwas yana can, Hausarsa ta zama gauraye.

"Yaya, sannu da hanya. Yalla mu je, na ajiye mota a inda ba a ajiyewa."

A unguwar Malaz yake zaune, wani tsohon bene, su huɗu a ɗaki biyu, duk 'yan gida. Aikinsa jigilar kaya daga wani sito a Birnin Masana'antu na Biyu. Da na buɗe akwati daddawa ta yi sallama, sai ga mutanen ɗakin sun kewaye ta kamar an kawo jariri. Ranar tuwon semo da miyar kuka aka yi. Ni kuwa na zo da kwaɗayin abincin Larabawa, na zauna ina cin abin da na baro a gida. Washegari ne suka rama mini da wake dakakke da gurasa mai faɗin faifai, da rana kuma shinkafa da naman raƙumi a tire ɗaya. Naman da daɗi, amma haƙorina na ƙasa har yau bai yafe mini ba.

Na gaya wa Sabi'u abin da ya kawo ni. Ya ce, "Mafi mushkila, Yaya," wato babu damuwa. Daga baya na lura komai aka ce masa haka yake cewa, har ranar da tayarmu ta fashe. Ya roƙi kafilinsa, mutumin da iƙamarsa ta zama ke hannunsa, ya ba shi hutun 'yan kwanaki.

Shirina mai sauƙi ne, irin na hedimasta. A gida yanzu ana kafa ɗan allon ƙarfe a kan kabari da suna. Na ce ƙasar da na'ura ke karanta yatsa ai ba za ta rasa allo ba. Zan bi layi layi da littafina, kamar kiran suna da safe, har in zo kan Idi. Muka je wata tsohuwar maƙabarta mai doguwar katanga. Ina shiga na tsaya cak. Kaburbura iya ganinka, kowanne ɗan tudu da dutse a kai da dutse a ƙafa, babu harafi ko ɗaya.

Mai gadin wani dattijo ne ɗan ƙasa, mai jan gemu. Sabi'u ya yi masa bayani, ya dubi littafina ya dubi biro, ya yi murmushi. Ya ce a nan har sarakuna haka ake binne su, wanda ya san nasa shi ya san nasa. Sannan ya ja mu ɗakinsa shan gahawa. Ya zuba mini ɗan kaɗan a ƙasan wani ƙaramin kofi, abin da a gida za a ce rowa ce. Na shanye na miƙa masa kofin, ya sake zubawa. Na shanye, ya ƙara. Ni ina ganin rashin ladabi ne in bar abin da babba ya ba ni, shi kuma yana ganin ban ƙoshi ba. A kofi na tara kunnuwana suka fara ƙara. Sabi'u yana gefe yana danne dariya, sai da ya ga idona ya yi ja ya raɗa mini, "Yaya, girgiza kofin ake yi." Na girgiza, dattijo ya ce alhamdu lillahi, da alama shi ma butarsa ta kusa ƙarewa. Ban yafe wa Sabi'u wannan ba, kuma na kai ƙara wajen yayarsa.

Kafin mu fita dattijon ya ba ni shawarar da ta fi littafina. Ya ce matattu ba su da suna a nan, in je in tambayi tsofaffi.

Kwana uku muna tambaya. Bayan sallar Juma'a muka tsaya inda Hausawa ke taruwa ana cinikin goro a ɓoye cikin aljihu. Na tambayi Kanawa, na tambayi mutanen Damagaram, babu wanda ya taɓa jin Idi Wanzam ko Idi Bahago. Wani ya kai mu wajen wani Idi, muka tarar da saurayi mai gyaran firji. A rana ta huɗu wani mai goro ya ce mu gwada Jaradiya, tsohuwar unguwa ce, akwai wani tela Basudane da ya fi kowa daɗewa a wurin.

Mun same shi a wani ɗan shago, tsoho tukuf, tabarau a kan hanci. Sabi'u ya ambaci Idi, telan ya girgiza kai. Ya ambaci Idrisu, ya girgiza kai. Na gaji da suna, na miƙe na kama kan Sabi'u da dama, na yi kamar ina yi masa aski da hagu, sannan na kwatanta ƙaho a ƙeya. Tsohon ya cire tabarau.

"Abu Talata," in ji shi. Ya juya ya nuna mana ƙeyarsa, ga tabon ƙaho nan birjik. Ya ce wancan lungun yake zama da tabarmarsa, babu wanda bai san shi ba, ya rasu da daɗewa, Allah ya ji ƙansa.

Na tambayi Sabi'u ma'anar sunan. Ya sosa kai ya ce, "Abu uba ne. Talata kuma uku. Uban uku ke nan, Yaya. Ina jin 'ya'ya uku ya haifa a nan."

Gaskiya raina ya ɓaci ƙwarai. Telan bai san komai game da iyalin kakana ba, ya dai ce akwai wani tsoho mutumin Maraɗi, Mamman, da suka zauna ɗaki ɗaya da shi Idi, amma ya je asibiti sai gobe. Na koma Malaz ban ci abinci ba. Ashe mutanen Kazaure ba su yi masa ƙarya ba. Ya zo ya yi sabon gida, ya haifi uku, har ana yi masa kirari da su, ita kuwa tana can tana tuna kau da kai. Na yi ta juya yadda zan faɗa wa Inna. Na gwada ƙarya a gaban madubin banɗaki, na ga fuskar da take magana a kai.

Washegari da hantsi muka koma. Baba Mamman yana zaune a ƙofar gidan ɗansa, ƙafa ɗaya a miƙe, carbi a hannu. Jikokinsa suna ta Larabci a ciki, shi kuwa Hausarsa ta Maraɗi ko gezau. Muka gaisa, na ce ni jikan Idi Bahago ne daga Kazaure. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in matso. Ya kama kunnena ya juya shi kamar mai sayen akuya.

"Kunnuwan nan nasa ne," in ji shi. "Zamna, ɗana."

Ban iya jira ba. Na ce, "Baba, ina 'ya'yan nasa uku suke?"

"Waɗanne uku?"

"An ce mana Abu Talata ake ce masa."

Tsohon nan ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da aka kawo ruwa. Ya nuna Sabi'u da carbi ya ce, "Wannan ne tafintanka? Kai yaro, Larabcin sito gare ka." Sannan ya juyo gare ni. "Ba shi da kowa nan. Bai yi aure ba har ya mutu. Mi ne ne sunan uwarka?"

Na buɗe baki zan faɗa, sai kunya ta hana ni.

Ya ce, "To ka gani. Nan ƙasar ba su kiran babba da sunanshi, sai da sunan ɗanshi na fari. Abin da mu muke ɓoyo, su shi ne girmamawa. Da ya zo sunka ce mishi, Abu wa? Ya kau da kai. Sunka ce ba ka da ɗa? Ya ce shina da ɗiya. Sunka ce mi ne ne sunanta? Ya ce mini zufa ta karyo mishi, don bai taɓa faɗin sunan ga da bakinshi ba. Da sunka matsa ya faɗa can ƙasa ƙasa, Talatu. Su kuwa kunnensu ya ji Talata. Shi ke nan ya bi shi."

Baba Mamman ya ci gaba, ya ce da farko in an kira shi haka a kasuwa sai ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da sata. A hankali ya saba. Daga baya in ka ce Idi ko waiwayowa ba ya yi. Shi Baba Mamman ya taɓa tsokanarsa ya ce ya zama Balarabe, ya zubar da kunya. Sai ya amsa masa cewa a gida kunya ta hana shi kiranta, ga shi nan Allah ya sa gari guda na kira masa ita tun safe har yamma, don me zai hana su.

Na tambaye shi abin da ya hana shi komawa. Bai yi masa kwaskwarima ba. Ya ce da farko rashin takardu ne. Daga baya labari ya zo cewa an raba auren, kakata ta yi wani, sai ya ji nauyin komawa hannu wofi. Kullum sai ya ce baɗi. "Ya yi kuskure, kuma ya san ya yi," in ji shi. "Ni ban wanke shi ba. Amma mantuwa, a'a."

Da la'asar muka ɗauke shi a mota muka koma maƙabartar nan ta mai gahawa. Ashe tun ranar farko na wuce ta kusa da kakana da littafina a hannu. Baba Mamman ya dafa kafaɗar Sabi'u, ya bi jikin katanga yana ƙirga taku, ya tsaya, ya koma baya, ya yi gardama da kansa. A ƙarshe ya nuna wasu kaburbura biyar a jere ya ce ɗaya daga ciki ne, iyakar abin da zai iya rantsuwa a kai ke nan. Na tsaya na yi musu addu'a su biyar ɗin. Ban san ko su wane ne huɗun ba, amma sun daɗe suna maƙwabtaka da shi fiye da mu. Na yi sallama na ce masa Talatu tana gaishe shi, ta tsufa, tana da jikoki goma sha ɗaya. Wannan ne karo na farko da na faɗi sunan uwata da ƙarfi, kuma na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Da za mu fita mai gadi ya ɗago mini butar gahawa daga nesa. Na girgiza masa hannu tun kafin a kai ga kofi.

Baba Mamman ya ba ni ƙaho ɗaya da ya rage a cikin zabirar kakana, baƙi, bakinsa ya sha hannu. A filin jirgi sai da aka buɗe akwatina a kansa, na sake kama kan wani bawan Allah ina kwatance, jami'ai suna dariya suka ce in wuce.

Na isa Kazaure da yamma. Inna tana kan tabarma a tsakar gida tana tsince wake. Ba ta tambayi dabino ba, ba ta tambayi zamzam ba. Ta bar ni na sha ruwa, sannan ta ce, "To, Malam?"

Na ajiye mata ƙahon a gabanta. Na ba ta labari tun daga tela har kaburbura biyar, tana kallon fuskata ba ta ko ƙiftawa. Da na zo kan sunan ta ce in maimaita. Na maimaita.

"A kasuwa?" in ji ta.

"A kasuwa, Inna. Da masallaci. Shekara da shekaru."

"Yana amsawa?"

"In ba da shi aka kira ba, ba ya juyowa."

Ta ɗauki ƙahon ta juya shi a hannu. Hawaye na zuba cikin waken, amma dariya take yi. Ta ce, "Oh, Baba. A ƙasar mutane ya je ya zubar da kunya." Ta share ido da gefen mayafi, sannan ta ce, "To ni da a can nake, me za su ce mini?"

Na ce, "Ummu Nuhu."

Ta rufe baki da hannu ta ce Allah ya kiyaye, in tashi in ba ta wuri, mutanen nan ba su da ta ido. Na tashi na ɗauki takalmina. Na kai bakin zaure ke nan na tsaya gyara ɗaya, sai na jiyo ta a bayana, ita kaɗai, can ƙasa ƙasa, tana gwada sunan a bakinta. Sau biyu ta faɗa. Ban juya ba, don kada ta daina.